Tunkiyar da ta ƙi ɗanta: yadda ƙwaƙwalwar dabba ke yanke shawara a kan ƴan'uwanta

Shekarun baya, cikin tsananin hunturu, tunkiyarmu ta haihu da tsakar dare a gidanmu na Birni. Haihuwar fari ce. Da na haska fitila na ga ɗan a ƙasa, jikinsa jagab, yana rawar ɗari, sai tausayi ya kama ni. Na ɗauke shi na kai ɗaki, muka goge shi tas da tsumma, muka lulluɓe shi kusa da garwashi har gari ya waye. Da safe na mayar wa uwar. Ta shinshina shi sau ɗaya, ta ja da baya, ta sunkuyar da kai ta tunkuye shi har ya faɗi. Duk sanda ya doshi hantsa sai ta kewaye. Wani dattijo Bafillace da ke kawo mana harawa ya tsaya ya kalle su, ya ce, “Malam, kai ka raba su. Ba ka bari ta lashe shi ba.” Na ce, “Baffa, ai sanyi na jiye masa.” Ya ce, “Harshenta ya fi bargonka.”

Maganar nan ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Mu a Damagaram da dabba muke kwana, da ita muke tashi, amma in rago ya cika karo sai mu ce mugu ne, in tunkiya ta ƙi ɗa mu ce ba ta da tausayi, mu rufe zancen da hali zanen dutse. Abin da masu binciken ƙwaƙwalwa suka tono ya nuna mini wani abu dabam. Duk lokacin da dabba ta haɗu da ƴar'uwarta, hanyoyi ƴan kaɗan ne a gabanta: ta kai hari, ta gudu, ta nemi barbara, ta yi reno, ko ta kau da kai. Kowace hanya akwai tarin jijiyoyin da ke tuƙa ta, kuma dukansu suna zaune cikin kan dabba ɗaya, kusa da juna. Wanda zai yi rinjaye a wannan lokacin ya danganta ga abin da hanci ya kawo, da sinadaran da ke yawo cikin jini, da abin da ya taɓa faruwa da dabbar a baya.

Ƙwaƙwalwa tarin ƙwayoyin jijiya ce. Ɓera na da wajen miliyan 70, mutum na da wajen biliyan 86. Kowace ƙwaya tana karɓar saƙo daga dubban ƴan'uwanta, wasu na ce mata ta tashi, wasu na ce mata ta kwanta, ita kuma in na tashi suka rinjaya sai ta aika nata saƙon gaba. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira hipotalamus, shi ke kula da yunwa da ƙishirwa da zafin jiki, kuma a cikinsa da kewayensa ne mafi yawan cibiyoyin faɗa da barbara da reno suke. A 1999 wata masaniya, Sarah Newman, ta ce kada a ɗauki waɗannan cibiyoyi a matsayin ɗakuna rufaffu, kowanne da aikinsa. Saƙa ɗaya ce, kowace cibiya na magana da sauran. Ni yadda nake kwatanta shi, kamar zaman fada ne da babu sarki a kan karaga: ɓangaren da muryarsa ta fi ƙarfi shi ke sa sauran su yi shiru. A 2012 Lauren O'Connell da Hans Hofmann suka kwatanta ƙwaƙwalwar jinsunan dabbobi 88, daga kifi da kwaɗi zuwa tsuntsaye da masu shayarwa, suka tarar tsarin saƙar kusan iri ɗaya ne. Shi ya sa abin da aka gani a ɓera ke iya haska mana akuya.

Bari in koma kan tunkiya, don ita ce ta fi damuna. An yi shekaru ana nazarinta a Kambirij ta Ingila, inda Barry Keverne da Keith Kendrick suka yi aiki, da kuma Faransa, inda Pascal Poindron da Frédéric Lévy suka yi nasu. Tunkiyar da ba ta haihu ba ba ta son jarirai, kuma ƙyamar ruwan haihuwa take yi, ko a abinci aka sa mata shi sai ta bar shi. Ana gab da haihuwa sinadaran ciki su sauya, sannan ɗan da ke fitowa ya buɗe hanyar haihuwa, jijiyoyin wurin su aika saƙo sama, ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari mai suna oksitosin. Nan take abin ƙyama ya koma abin so. Ta duƙa tana lasa, tana wani irin kuka ƙasa-ƙasa da ba ta yinsa sai ga ɗanta. A 1987 Kendrick da abokan aikinsa suka zuba oksitosin kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar tumakin da ba su haihu ba, bayan an shirya jikinsu da sinadaran ciki, sai ga su suna karɓar jarirai. A Faransa kuma aka kashe jin zafin hanyar haihuwa da allura, sai tumaki da yawa, musamman masu haihuwar fari, suka haihu ba su kula da abin da suka haifa ba, don saƙon bai isa sama ba.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai kiwo shi ne wannan ƙofa ba ta daɗewa a buɗe. A farkon lamarin tunkiya za ta karɓi kowane jariri. Cikin ƴan sa'o'i, tana lasa tana shaƙa, sai ta haddace warin nata, daga nan kuma ta rufe, duk baƙon da ya zo nono sai tunkuyi. Kendrick ya saurari ƙwayoyin jijiyar sashen shaƙar wari kafin haihuwa da bayanta. Kafin haihuwa warin abinci ke tada su, ba ruwansu da warin jariri. Bayan haihuwa mafi yawansu suka koma amsa warin jarirai, wasu ma ba sa amsawa sosai sai ga warin ɗanta ita kaɗai. Dabba ɗaya, hanci ɗaya, amma an sake ɗaura wayoyin cikin yini guda. Abin da na yi a daren nan shi ne na ɗauke ɗan a daidai sa'o'in da ake wannan ɗauri, na kuma goge ruwan da zai jawo ta gare shi. Da gari ya waye ƙofa ta rufe babu kowa a ciki. An kuma nuna cewa tunkiyar da ta sha yunwa lokacin ciki ba ta lasar ɗanta yadda ya kamata, kuma ta fi saurin barinsa. Wanda ya san yadda dabbobinmu ke fitowa daga rani, ƙashi da fata, ya san wannan magana tamu ce.

Makiyayanmu sun san wannan tun kafin a san sunan oksitosin. In ɗan maraƙi ya mutu, Fulani kan feɗe fatarsa su cusa mata ciyawa su ajiye gaban saniya, ta shinshina ta lasa ta saki nono. Masu raƙuma ma na yi wa taguwa haka. Masu tumaki a ƙasashe da dama kan lulluɓa wa maraya fatar ɗan da ya mutu, ko su shafe shi da ruwan haihuwar wata uwar da ke kan haihuwa. Duk hanci ake bi a kai ga shawara.

Hancin ma biyu ne. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar dabbobi ranar Alhamis ya ga bunsuru ya shinshina fitsarin akuya, ya ɗaga kai sama, ya naɗe leɓensa kamar mai murmushi. Rago na yi, jaki na yi, doki da raƙumi na yi. Yara dariya suke masa, alhali aiki yake: yana tura warin ne zuwa wata ƴar gaɓa da ke tsakanin dasashi da hanci, wadda jijiyoyinta ke bi ta wani sashe mai suna amigdala su sauka hipotalamus. Ta nan yake gane ko akuyar ta shirya. Warin bunsuru kansa, wanda ke korar mutane daga zaure, saƙo ne. A 2014 masana a Jami'ar Tokiyo suka ware sinadari guda daga warin kan bunsuru, suka nuna yana tada cibiyar da ke sarrafa sakin ƙwai a ƙwaƙwalwar akuya. Shi ya sa in an jima babu namiji a garke aka shigo da shi, awaki da yawa kan nemi barbara kusan tare. A 2002 kuwa, a ɗakin binciken Catherine Dulac na Jami'ar Harvard, an samar da ɓerayen da wannan hanci na biyu ba ya aiki. Mazan suka daina faɗa da maza, suka riƙa hawan duk wanda aka sa musu, mace ko namiji. Bayan shekara biyar aka duba matan, sai ga su suna bin wasu suna hawa kamar maza. Wato wayoyin halin namiji suna nan cikin kan mace, wari ne ke danne su.

Sai batun faɗa. Tun wajen shekarun 1930 wani likita ɗan ƙasar Suwis, Walter Hess, ya riƙa sa siririyar waya cikin hipotalamus na kyanwa yana ba ta ɗan kuran, wato wutar lantarki. Kyanwa na kwance lafiya, sai ta miƙe, gashi ya tashi, ta yi huci ta fito da farce. Ya sami kyautar Nobel a 1949. Matsalar ita ce kuran ba ya zaɓe, duk jijiyar da ke kusa sai ta tashi, ba a san wadda ta yi aikin ba. A 2005 aka fito da wata dabara a Jami'ar Stanford: ana ɗauko ƙwayar halitta daga wani gansakuka mai jin haske, a dasa ta cikin irin jijiyoyin da ake so kaɗai, sannan a kunna su da shuɗin haske ta wani siririn zare. Da wannan dabara ce Dayu Lin da David Anderson, a jami'ar Caltech ta Kalifoniya, suka taɓa wani ɗan gungu cikin hipotalamus na namijin ɓera a 2011. Ana kunna haske ya far wa duk abin da ke gabansa: namiji, mace, dandaƙaƙƙe, har safar hannu ta roba da aka hura wa iska. Da aka toshe gungun kuwa, ɓeran da ya saba kare ɗakinsa ya daina kai hari.

Da nan labarin ya tsaya, da sai a ce an gano makunnin mugunta. Amma cikin wannan binciken an ga cewa in ɓeran ya riga ya yi nisa cikin barbara da mace, hasken ba ya tada shi faɗa. Wayoyin barbara sun riƙe na faɗa. A 2014 aka ƙara gano cewa irin ƙwayoyin nan, in an taɓa su kaɗan, shinshina da hawa suke sa ɓera, sai an ƙara ƙarfi ya koma cizo. Abin ya fi kama da murɗin ƙarar rediyo. Akwai kuma binciken ɗakin Nirao Shah na 2017, wanda ni ya fi burge ni. Ɓeran da aka ajiye shi kaɗai, in an tada gungun, ko'ina yake sai ya kai hari, ko a ɗakin wani ne. Wanda ya zauna cikin ƴan'uwansa, aka tada gungun nan dai, a ɗakinsa yana faɗa, amma a ɗakin wani sai ya kame kansa. Zaman tare ya koya masa inda ƙarfinsa ya tsaya, kuma wannan koyon ya iya rinjayar umarnin da aka aika kai tsaye cikin kansa.

A nan nake tuna ragunan da muke turkewa don layya. A sayo shi ƙarami, a ɗaure shi shi kaɗai a lungu wata shida ko fiye, ana ɗura masa dussa da kowar wake, yara na wasa da shi suna tura masa goshi da tafin hannu. In ya ƙoshi ya fara kai wa mutanen gida karo, sai a ce ya yi mugun hali. A 2018 Moriel Zelikowsky ta nuna cewa ɓeran da aka keɓe mako biyu, wani sinadari kan yawaita a sassa da yawa na ƙwaƙwalwarsa, ya ƙara faɗa, ya ƙara firgita, kuma tsoronsa ya daɗe bai kwanta ba. Keɓewar yini ɗaya ba ta yin haka. Ɓera ba rago ba ne, amma tunkiya dabbar garke ce ta gaske: Kendrick ya nuna a 2001 cewa tana iya haddace fuskokin ƴan'uwanta 50, ta riƙe su sama da shekara biyu. A ganina dabbar da aka halitta da irin wannan kai bai kamata ta yi watanni ba ta ganin kowa sai bango. Ko akuya ɗaya aka ɗaure kusa da shi, an rage masa wani abu.

Nasara ma tana barin tabo, kamar yadda kaye ke bari. Masu kallon karon raguna da ƴan kokowa sun san wanda ya saba kayarwa yakan shigo fili da wata irin zuciya. Hailan Hu ta Jami'ar Zhejiang a ƙasar Sin ta gwada abin a 2017. Ana sa ɓeraye biyu cikin siririn bututu, ɗaya ta nan ɗaya ta can, babu wurin wucewa, dole ɗaya ya ja da baya. Ta kunna wasu jijiyoyi da haske a gaban ƙwaƙwalwar ɓeran da ya saba sha kashi, sai ya riƙa ture na gaba da shi kusan sau tara cikin goma. Hasken bai ƙara masa ƙarfin jiki ba, naci ya ƙara masa. Waɗanda suka ci sau da yawa a jere suka ci gaba da ci bayan an daina kunna musu komai, don mahaɗar jijiyoyin ta riga ta yi kauri, har suka riƙa ƙwace wuri mai ɗumi a wata gasar dabam.

Reno ma ba na uwa kaɗai ba ne. Namijin ɓeran da bai taɓa barbara ba kan kashe jarirai in ya same su. In ya yi barbara, bayan kusan mako uku, daidai lokacin da nasa za su zo duniya, sai ya koma mai kwaso su yana lasa. A 2014 ɗakin Dulac ya gano ƙwayoyin da ke riƙe da wannan a gaban hipotalamus. Aka kashe su a uwa, ta yi watsi da ƴaƴanta. Aka kunna su a namijin da ke shirin cizo, ya tsaya ya fara lasa.

Misalin da ya fi taɓa cikinmu a Nijar kuwa ba shi da ko ƙashin baya. Farar ɗango, in tana can cikin Ayar da Tamesna a warwatse, gudun ƴan'uwanta take yi, launinta na ƙasa da ciyawa, ba ta damun kowa. Har 1921 ana zaton mai zaman kaɗaici da mai tafiya cikin runduna jinsi biyu ne, sai Boris Uvarov ya nuna, a kan wata fara danginta, cewa halitta ɗaya ce mai fuska biyu. In ruwa ya sauka a hamada suka hayayyafa, sannan ciyawa ta fara bushewa, sai su matsu a ƴan wuraren da suka rage kore, ƙafafunsu na baya na gogar juna. A 2009 masana daga Kambirij da Oksfod suka nuna cewa wannan gogayya, ko ganin sauran tare da jin warinsu, cikin sa'a biyu kacal take ninka wani sinadari mai suna serotonin kusan sau uku a jijiyoyin ƙirjin fara. Da ɗan burushin fenti ma suka riƙa shafar ƙafar, abin ya faru. Mai gudun jama'a ta koma mai neman jama'a. Da aka toshe sinadarin, an cuɗanya su amma ba su sauya ba. Sauyin launi daga baya yake zuwa, hali ne ke fara juyawa. Wanda ya ga farar 2004 da yunwar da ta biyo a 2005, bayan ƙarancin ruwa ya haɗu da ita, ya san abin da sa'o'i biyun nan ke iya zama. Dalilin ke nan da masu yaƙi da fara ke shiga daji neman ƙananan gungu tun ba su haɗe ba.

Akwai inda nake jan birki. Jaridu sun yi shekaru suna kiran oksitosin sinadarin soyayya, saboda wani ɓeran daji na Amurka da ke zama da mace ɗaya, wanda aka nuna oksitosin da ɗan'uwansa basofiresin na da hannu a shaƙuwarsa. A 2023 masana a San Faransisko suka samar da irin ɓerayen nan ba tare da gurbin da oksitosin ke sauka ba sam, sai ga su sun shaƙu da abokan zamansu, sun haihu, sun yi reno, ko da yake nonon ya ragu. Ƙwaƙwalwa na da hanya fiye da ɗaya zuwa abin da rayuwa ta rataya a kansa. Kuma mafi yawan gwaje-gwajen nan a kan ɓerayen keji aka yi su. Mutum na da hipotalamus kamar rago, amma an ɗora masa harshe da tarbiyya da addini da kunyar idon jama'a, kuma hanci na biyun nan a jikinmu kusan ba ya aiki. Duk wanda ya ce maka wata jijiya ce ta sa shi duka, ka tuna masa cewa ɓera ma da ya zauna cikin ƴan'uwansa ya iya kamewa.

Ɗan tunkiyar nan bai mutu ba. Dattijon ya sa muka ɗaure uwar a ƙaramin wuri tare da shi, ina riƙe kanta sau huɗu ko biyar a yini yana tsotsa, don ya sami daƙashi tun bai wuce ba. Ya ce in riƙa shafa nononta a bayan ɗan da gindin wutsiyarsa, inda take kai hanci. Kwanaki muka yi a haka kafin ta daina tunkuyinsa, kuma har aka yaye shi ban taɓa jin ta yi masa kukan nan na ƙasa-ƙasa ba. Da ta sake ɗaukar ciki na ƙara mata dussa a watan ƙarshe, na kafa zana ta gefen da iska ke kaɗowa, na baza busasshiyar ciyawa a ƙasa. Daren da ta haihu na hana yara fitowa, na tsaya daga bakin ƙofa da fitila a kashe, ina jin ƙarar harshenta a jikin ɗan, har ya miƙe ya kama nono.